Gurbin Suna Na Biyu

"Wa ya taɓa mini ƙa'ida?" Prasetyo ya daka wa abokiyar aikinsa Wulan tsawa a ofishinsu na birnin Yogyakarta. Shi ya ɗaure manhajar asibitin tam: kowane bayani da nau'insa, majiyyaci kuma dole suna biyu, in babu shafi ba ya gaba.

"Malam, ni na sassauta. Akwai masu suna ɗaya."

"Ƙauyanci! Abin da babu a tsarina, babu shi a duniya. Koma kasuwa ki sayar da awarar tempe."

Ya goge gyaranta, ya saki manhajar.

Can wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce, tana haki.

"Ɗan nan, ina ƙofar asibiti. Na rubuta sunana, Sutinah, abin ya ce ban cika ba. Wane marar tarbiyya ne ya haɗa wannan?"