Mai Shuka Tulu a Teku

Zauna, ɗan'uwa, ka bar wannan tsakin. Jiya ka dasa abu, yau kana tona shi ka ga ko ya yi saiwa? To buɗe kunne.

A wani ƙauyen masunta da ke bakin teku, manyan jirage suka yi ta jan taru har suka share ƙasan ruwa tas, kamar tsakar gida. Kifi kuwa ba wawa ba ne, inda babu maɓoya ba ya zama. Ya yi gaba abinsa. A ƙauyen akwai wani mai kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, yana rataye ta da igiya a jikin turaku cikin ruwa, amma duk ranar da teku ta fusata sai taguwar ruwa ta kwashe masa rabi. Maƙwabta suka fara komawa birni dako. Matarsa ma ta ɗaure kaya, ta ce in baɗi ta zo kamar bana, su ma sun tafi. Sai ya je wurin wata maginiyar tukwane ya roƙi duk tulun da ya tsage a wuta. Ya huhhuda su, ya kwaɓa siminti da ɓawon kawa ya zuba musu a gindi don su yi nauyi, ya haɗa da duwatsu masu kaushi, ya loda a kwalekwale, ya nutsar da su tsibi-tsibi a gaban turakunsa. Gari ya ce talauci ya taɓa masa kai. Wani mai baki ya ce, "Malam, in tulun ya tsiro a sam mana iri."

Damina ta wuce, ba komai sai gansakuka. Wani abokinsa da ya kwaikwaye shi, da tsibin ya yaga masa taru, ya tsamo nasa ya watsar yana zagi. Shi kuwa gogan ya bar nasa, ya kuma haramta wa kansa jefa taru a wurin, ko da ranar ba a ɗora tukunya ba. Ashe a ƙasa aiki ake yi ba da shela ba. 'Ya'yan kawa suka manne a kaushin dutse, ƙaguwa ta tare a tulu, ƙananan kifaye suka sami ɗaki, manya suka biyo sawunsu. Taguwa in ta taso sai ta fashe a kan tsibin, ta iso turaku a gajiye. Kawa ta yi ƙiba, ruwan ma ya washe, don tace shi take yi. Ba wanda ya ce wa matar komai, da kanta ta kwance kaya. Mai neman iri kuwa, an gan shi a ƙofar maginiya yana tambaya a hankali ko akwai sauran tsagaggen tulu. Mai kiwon kawa bai rama ba. Ya kira shi, ya miƙa masa kwanon farfesun kifin da ya kama a gefen duwatsun nan.

Saboda haka ka cire hannunka daga dashen nan, ka bar shi ya yi aikinsa. Ba a banza Hausawa suka ce ba: mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.