Zoben Da Ya Ƙi Kama Dalma

Ka ce shekara uku ke nan da fitar takardar bincikenka babu wanda ya ambace ta, har kana tunanin daga yau ka riƙa ɓoye dabarunka. To gyara zama, Dakta, in ba ka wani misali.

An yi wata malama a wata jami'a, masaniyar sinadarai. Fanninta shi ne nazarin yadda ƙwayoyin sinadari, waɗanda ido ba ya gani, suke riƙe juna ba tare da sun narke sun zama abu ɗaya ba, kamar dai yadda kube ke riƙe wuƙa. Burinta ta haɗa wata ƙwaya mai siffar zobe, wadda in an tace ruwan rijiya da ita za ta cafke dalma ta bar ruwan garau, domin a yankinsu ana haƙar zinariya, dalma kuwa tana gurɓata rijiyoyi tana kassara yara. Shekara bakwai tana fama. Shi zoben sai da sanyi yake daskarewa a iya duba shi, ɗakin bincikenta kuwa da azahar kamar tanderu, ga wutar lantarki sai ta ga dama take leƙowa. Ran nan a kasuwa ta ga mai tumatir ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayansa na nan sanyi ƙalau. Nan take ta sayi tukwane goma sha biyu ta loda a bayan mota. Abokan aiki suka samu abin tsokana, wai Malama za ta buɗe gidan abinci. Bayan mako biyu da sa haɗin zoben a ciki ta ɗaga murfi, sai ga zoben ya daskare fari tas kamar gishiri. Saura kaɗan ta taka rawa a gaban ɗalibai. Amma da ta gwada shi a ruwa, ko kallon dalmar bai yi ba. Ta sake masa fasali, ta kuma sakewa, har sau arba'in da ɗaya, duk kanwar ja ce.

Da ta zauna rubuta takarda, wani abokin aikinta, mutumin kirki mai son ci gabanta, ya ce, "Haba Malama, wa ke tallan faɗuwarsa? Ki rufe maganar tukwanen nan sai kin dace, kada wani ya riga ki." Ta yi dariya ta ce, "Malam, in ya riga ni, ai ruwan da za a sha ɗaya ne." Ta rubuta komai dalla-dalla: girman tukunya, irin yashin, sau nawa ake yayyafa ruwa a yini, da hanyoyin nan arba'in da ɗaya da suka ƙi ɓullewa, kowace da dalilinta. Manyan mujallu suka ƙi karɓa, wata ƙarama ta buga. Ka san yadda ake auna mu, da yawan masu ambaton aikinmu a cikin nasu rubutun. Da lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti ya duba ya tarar da ambato uku rak, ɗaya ma ita ce ta ambaci kanta. Aka tsallake ta, har aka fara maganar a mai da ɗakin bincikenta ma'ajiyar kujeru. Abin ya yi mata ciwo, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Rana ta uku ta sa farar rigarta ta koma bakin aiki.

Ashe duniya cike take da masu bincike irinta, masu fama da zafin rana da ƙarancin wuta. Wani a Sudan, wata a Indiya, wasu can gefen Brazil, duk wanda ya ci karo da takardar sai ya nemi maginin tukwane. Masu manyan injina kuwa jerin kurakuranta ne ya fi yi musu daɗi, don an nuna musu inda ramuka suke tun kafin su faɗa. Ambato ya fara ɗigowa kamar yayyafi, goma, hamsin, har ya haura ɗari uku, shugaban sashe ya rantse kwamfutarsa ce ta rikice. A shekara ta shida da fitar takardar, wasiƙa ta zo daga wata dattijuwar farfesa a ƙasar waje. Ta ce sun ɗora daga inda Malama ta tsaya, sun gwada hanya ta arba'in da biyu, zoben ya kama dalma gam. Sun ƙi bugawa sai da sunanta a gaba, kuma suna roƙo ta kai su rijiyoyin yankinta a gwada tare.

Suka zo bayan damina, aka tace, aka auna, ruwa ya fito lafiyayye. Ranar da jami'a ta tabbatar mata da kujerar farfesa ma ba ta gari. Tana ƙauye a bakin rijiya, mata sun kewaye ta, wata tsohuwa ta kamfato ruwan a ƙwarya ta ce, "'Yar nan, ke za ki fara sha." Ta yi bisimilla ta kwankwaɗa, ta miƙa wa baƙuwar farfesar, guɗa ta kaure ta ko'ina. Waya tana ta ruri a cikin jaka, masu taya murna ne, ba ta ma ji ba.

Saboda haka, Dakta, koma ka rubuta abin da ka gano, ka rubuta shi duka. Magabata sun riga mu faɗa: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.