Motar da Baba ya saurara

Ina shekara tara, ni da Baba muna jiran tiram, jirgin ƙasan cikin gari, a Vénissieux ta ƙasar Faransa, sai wata tsohuwar motar Ingila koriya ta tsaya, da ɗan gunkin damisa na azurfa a hancinta. Na ruga zan shafa ta, Baba ya riƙe ni. Babban makanike ne a Maraɗi, amma da muka zo Faransa kwalaye yake ɗauka a sito.

"Ɗiyata, irin wannan ba taɓawa ake ba, saurara ake."

Ya runtse ido, sannan ya ce wa tsohon Baturen da ke tuƙi, da Faransanci, "Silinda shida gare ta, amma ɗaya na tari."

Mutumin ya fito, ya buɗe masa injin, ya koma gefe kamar ɗan koyo. Tiram biyu suka wuce mu. Har yau in irinta ta gifta, ido nake runtsewa.