Tsibirin da Ba Mai Kushe Shi

Tunda ka ce kana neman ƙasar da za ka je ka huta ka ci daɗi, zauna ka ji wannan tukuna.

Wani tela ne ya shekara talatin yana taka keke har bayansa ya ranƙwafa. Da 'ya'yansa suka ce ya zaɓi ƙasar da zai je hutu, sai ya ce shi ba gine-gine zai je kallo ba, cikinsa zai kai yawo. Mutum ne mai shegen bincike, ko zare zai saya sai ya ja ya ji ƙarfinsa. Duk wanda ya taɓa hawa jirgi sai ya tare shi da tambaya. Wannan ya ce ƙasa kaza akwai nama amma sanyi kamar ya kashe ka, wancan ya ce can kifi har ka ture, sai dai yaji ya hana shi sakat. Ko'ina da mai kushe. Sai wani tsibiri da ya gani a takardar talla. Ya zaga gari kaf bai samu mutum ɗaya da ya faɗi aibinsa ba, murna kuwa ta hana shi lura cewa bai samu wanda ya je ya dawo ba. Ya yi wa matarsa alkawarin kwana goma, don 'yarsu ta kusa haihuwa, kuma shi zai yi wa jariri huɗuba.

Ya sauka da rana tsaka. Ga dogon tebur a inuwar bishiyoyi, ga baƙi jere sun yi ɓul-ɓul suna ta ci, amma ko ƙarar cokali ba ka ji. Ya yi sallama, ba wanda ya ɗago. Masu kawo abincin kuwa murmushi kawai suke, bai taɓa ganin ɗayansu ya kai loma baki ba. Ranar farko ya ci gasasshen kifi, ya nemi sunan unguwarsu ya rasa. Rana ta uku ya sha romo, fuskar babban ɗansa ta ɓace masa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya rantse gobe ba zai ci ba, amma ƙamshi na tasowa sai ya ga hannunsa ya riga shi. Rana ta goma waya ta yi ƙara, wata mata tana kukan murna: "Malam, an sauka lafiya, namiji ne! Yaushe za ka taso?" Ya saurara cikin ladabi, ya rasa ko wace ce, ya kife wayar.

Bayan wata biyu wani baƙo ya iso da jaka, ya dafa kafaɗarsa. "Maƙwabci! Mun ji ka shiru, ba ƙorafi, na ce lalle wurin ya yi, shi ya sa na biyo ka." Wani abu ya motsa a ƙirjin tela, kamar akwai maganar da ya kamata ya faɗa da sauri. Ya buɗe baki, bai same ta ba. Sai ya matsa masa, ya tura masa faranti.

Ka ga, da ya tsaya ya saurari abin da ba a faɗa ba, da yanzu jikansa na kan cinyarsa. Shi ya sa Hausawa suka ce shiru ma magana ce.