Farar Rigar Milad

A jajibirin Lahadin Dabino, Demyana na saƙa ganyen dabino a harabar cocin ƙauyensu, shekara biyu da rasuwar mijinta Milad. Wasif kafinta ya tsaya gabanta da ƙunshi a hammata.

"Azumi ya kusa ƙarewa, Demyana. In je wurin Abuna, limamin cocinmu, ya sa mana rana?"

Ba ta ɗago ba. "Surukata fa? Ɗanta ɗaya ne. In bar ta da wa?"

"Ita ta aiko ni da wannan. Ta ce gidan ya ishe mu mu uku."

Ya kwance ƙunshin. Farar rigar da Milad ke sawa yana waƙa a coci ce, a goge.

Ta daɗe tana kallonta, sannan ta dube shi.

"Za ta yi maka tsawo. Kawo in rage."