Amsar da Na Haɗiye

Ina aji biyar wata mai binciken kifi ta zo wurin masunta a bakin rafin Antau. Ba ta jin Hausa, Baba ya sa ni tafinta. Har yau ina jin ƙarnin matattun kifayen da take aunawa. Ta tambayi abin da ke kashe su.

Baba ya ce, "Gaya mata maganin ƙwari ake zubawa. Ta rubuta."

Ƙaninsa, mai zubawar, ya kafe ni da ido. Na ce mata da Turanci Baba bai sani ba. Baba ya shafa kaina. "Allah ya yi miki albarka, 'yar boko."

Jiya aka sallamo ɗana daga asibiti, kifin rafin ya ci. Baba kuwa ya rasu yana jiran matar ta dawo.