Ruri a Dajin Fergus

Ruri na uku ne ya tabbatar wa Fergus Tulloch cewa mutum ne, ba barewa ba. Namijin barewa in ya yi ruri a watan Afrilu, da tari yake ƙarasawa, kamar an shaƙe shi. Wannan kuwa sumul ya fito, daga ƙahon bijimi aka busa shi. Wani ɗan iska ne ya shigo masa daji yana kwaikwayon kukan, don ya jawo babban namijin nan mai ƙaho rassa sha huɗu ya harbe.

Mu mutanen bayan garin Taihape babu wanda bai san Fergus da dajinsa ba. Shekara arba'in yana gadinsa kamar kaza da ƙwai, kuma ban ga laifinsa ba. Ɓarayin farauta ba nama suke so ba. Kai suke yankewa saboda ƙaho, su bar gangar jikin tana ruɓewa a bakin rafi. Duk wanda ya kama sai ya tasa ƙeyarsa har bakin titi. Bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, har ɗan limamin coci.

Ya yi wa karensa fito. Shiru. Ya ja tsaki ya shiga bukkar farauta. Bindiga ba ta inda ya saba rataye ta, tana bayan ƙofa, kuma wani mai karambani ya ɗaura mata madubin hange. Wannan ma zai ji da shi daga baya. Ya lalubo harsashi biyu a aljihun tebur ya ɗura.

Hanyar ta yi masa tsawo yau. Itatuwan da ya dasa sun rufe sama, raɓa ta jiƙa masa takalmi, sanyi ya kama masa yatsu. A gangaren farko ya ci karo da sabon shinge da bai tuna ya ba da aikinsa ba. Garin tsallakewa waya ta yage masa wando.

Can ya hango shi a kan wani dutse, ƙato ne mai kimanin shekara hamsin, da jar riga irin ta mafarauta, ƙaho a baki. Kwarin da barewa suke ma bai kalla ba, hanya yake ta dubawa.

"Kai! Ajiye ƙahon nan."

Mutumin ya juyo, har ya fara murmushi. Da idonsa ya sauka kan bindigar sai murmushin ya ɗauke.

"Dattijo, a ina ka samo wannan?"

"Au, ni kake tambaya? Ina ka ɓoye taka?"

"Ban fito da bindiga ba. Don Allah sauke bakinta, tashi take da wuri."

"Wuce gaba, ɓarawon banza."

Maimakon ya wuce, sai ya tako a hankali yana miƙo hannu. Fergus ya ɗana kunamar bindigar. Harsashin ya daki dutsen, wani tsagi ya fallo ya tsaga wa mutumin kumatu. Ƙarar ta zagaye kwarin ta dawo. Jini ya fara bin wuyan rigarsa, ya ɗaga hannu sama.

Haka suka kamo hanya, shi a gaba, bakin bindiga a gadon bayansa. Tafiyar awa guda ce, da saura harsashi ɗaya, ga yatsan tsoho a kan kunama. Duk lokacin da numfashin Fergus ya fara sarƙewa sai mutumin ya rage sauri. A bakin rafi ya tsaya ya nuna masa da ƙafa duwatsun da ba su da santsi.

"Ashe ka san hanya," in ji Fergus. "Ba yau ka fara ba ke nan."

"Ba yau ba."

Motar 'yan sanda tana bakin ƙofar shinge. Fergus bai tuna ya kira su ba, amma daɗi ya kama shi har cikin ransa.

"Ga shi nan, 'yata," ya ce wa 'yar sandar. "Takardar kora za ki rubuta masa. Shekara biyu, in ya sake taka ƙasar nan sai kotu."

"Za a rubuta, Baba. Kawo bindigar tukuna."

Ta karɓa da hannu biyu, ta zare harsashin ta sa a aljihu. Ta lulluɓa masa bargo, ta zaunar da shi a bayan mota ya huta. Ta tagar yake jiyo ta tana magana da mutumin.

"Sau biyar kana ƙin sa hannu, Rawiri. Yau ga jini."

"Ki bari zuwa baɗi."

"Babu wata baɗi. Da kwana ya ƙare fa?"

Sau biyar! Fergus ya kaɗa kai. Ya ga ƙaton ya karɓi biro, ya goge ido da bayan hannu, ya duƙa a kan murfin mota. Kuka kuma? Ai yanzu ka fara.

Daga ranar ba mu sake ganin Fergus a tsaunukan nan ba. Gidan tsofaffin da ya sulale daga ciki da asuba sun mai da shi ɓangaren da ƙofa ba ta buɗuwa daga ciki. Tun da mantuwar tsufa ta kama shi, duk Afrilu yakan gudo dajin, in an kira sunansa ya ɓuya, sai an busa masa ruri yake fitowa. Sunan Fergus ne a kan takardar korar. Wanda ya sa hannu a gurbin mai ƙasa kuwa Rawiri Nikora ne, mutumin da Fergus ya sayar wa dajin shekara goma sha ɗaya da suka wuce.